Dokar ruwan shekara 100 a Arizona: tanadi ne ko ruwan takarda?

Malam Auwalu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata doka a jihar Arizona ta Amurka da nake so masana cikinmu su warware mana. A 1980 majalisar jihar ta kafa dokar kula da ruwan ƙarƙashin ƙasa, daga cikinta kuma aka fitar da ƙa'idar cewa duk mai son yanka fulotai don gina rukunin gidaje a yankunan da dokar ta ware, sai ya kawo hujjar cewa akwai ruwan da zai ishi gidajen har shekara 100. In bai kawo ba, ba shi ba sayar da fili. A watan Yunin 2023 Gwamna Katie Hobbs ta sanar cewa lissafin hukumar ruwa ta jihar ya nuna yankin Finiks, babban birnin jihar, zai samu giɓin kusan mita-kubik biliyan 6 a cikin shekara 100 masu zuwa, wato kashi 4 cikin 100 na abin da za a buƙata. Nan take aka daina ba da sabuwar takarda ga duk rukunin gidajen da zai dogara da rijiyoyin burtsatse. Ku duba fa, ƙarancin da sai jikoki ne za su gan shi, ya tsayar da gini tun yau. A ganina wannan shi ne aikin majalisa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗanjuma: Wa alaikumus salam Malam. Wa zai kai shekara 100 ya zo ya tabbatar? Kwamfuta ce aka ɗura wa lambobi ta fitar da amsa. In gwamnati ta canza aka ɗura mata wasu lambobin, giɓin ya ɓace. Ni ban ga tanadi a nan ba, hasashe na gani da hatimin gwamnati.

Injiniya Ladan: Ƙanena Ɗanjuma, rabin maganarka gaskiya ce. Hasashe ne, amma ba duba ba ne. Akwai dubban rijiyoyin da ake auna zurfin ruwansu shekara da shekaru, an san yadda tsakuwa da yashi da laka suka jeru a ƙasan kwarin Finiks, an san nawa ake zuƙa. Da waɗannan ake gina lissafin, sannan a gwada shi da shekarun baya a ga ko ya dace da abin da ya faru da gaske.

Inda ya kamata ka sa yatsa wani wuri ne daban. Malam Auwalu, mutane da yawa suna zaton ƙa'idar tana nufin ruwan ba zai ragu ba. A'a. A yankin Finiks abin da ake nema shi ne bayan shekara 100 ruwan kada ya nutse ƙasa da ƙafa 1,000 daga doron ƙasa, kimanin mita 300 ke nan. A yankin Pinal ma ƙafa 1,100 ne. Wato doka ta yarda ruwan ya yi ta sauka, iyaka kawai ta ja masa. Kuma tun kafin a kai wannan zurfin, rijiyar talaka da ke mita 100 ta daɗe da ƙafewa, kuɗin lantarkin jawo ruwa ya ninka, ƙasa ta fara lotsawa.

Malam Auwalu: To Injiniya, ko da hakan, ai ya fi babu. Kuma na ga hukumar tasu tana cewa ruwan da jihar ke amfani da shi yanzu bai wuce na 1957 ba, alhali jama'a sun ninka kusan sau bakwai.

Injiniya Ladan: Haka ne, kuma dokar tana da hannu a ciki. Amma babban dalili shi ne gonaki sun koma unguwanni. Eka ɗaya ta auduga ta fi eka ɗaya ta gidaje shan ruwa.

Barista Rabi: Bari in shigo ta ɓangaren tarihi, don kada a ɗauka 'yan majalisar 1980 waliyyai ne da suka tashi da safe suka tuna da jikoki. Wuƙa aka sa musu a wuya, har ta fuska biyu. A 1976 kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a shari'ar wani babban kamfanin noma da kamfanonin haƙar tagulla a kudancin Tucson, hukuncin da ya taƙaita ɗibar ruwa daga wani fili zuwa wani. Hankalin masu ma'adinai da birane ya tashi, suka fara neman sabuwar doka. Sannan ga gwamnatin tarayya: sakataren harkokin cikin gida na lokacin, Cecil Andrus, ya ce in jihar ba ta ɗaure ruwan ƙasa da doka ba, za a tsayar da kuɗin babbar hanyar ruwan da ake ginawa daga kogin Kolorado, mai tsawon kilomita 540, wadda ke kai ruwa Finiks da Tucson. Gwamna Bruce Babbitt ya tara manoma da masu ma'adinai da wakilan birane, aka yi ta ciniki a bayan ƙofa har aka daidaita.

Abin da ya fito daga wannan ciniki shi ne dokar. Shi ya sa take da ƙarfi a inda masu ƙarfi suka yarda, take da rami a inda suka ƙi. An kafa yankunan kulawa huɗu, Finiks, Tucson, Pinal da Prescott, aka ƙara Santa Cruz a 1994. A cikinsu an hana buɗe sabuwar gonar ban-ruwa, sai wadda aka shayar tsakanin 1975 da 1980. Manyan rijiyoyi dole a sa musu mita a kai rahoto duk shekara. A wajen waɗannan yankuna kuwa, wanda shi ne mafi yawan faɗin jihar, kusan ko'ina ka haƙa ka zuƙa iya ƙarfin injinka.

Maman Hanif: Ina karanta ku ina murmushi, don a gefen Finiks nake zaune. Barista, ko a cikin yankin kulawar ma akwai ramuka. Ƙa'idar shekara 100 tana aiki ne in fulotan sun kai shida. Mai wayo sai ya raba filinsa biyar, ya sayar, wanda ya saya shi ma ya sake rabawa. Haka aka gina unguwar Rio Verde Foothills. Ɗaruruwan gidaje masu tsada, babu bututu, babu rijiya, sai tanki a binne a tsakar gida da tankar ruwa da ke zuwa ta cika shi. Tankokin daga birnin Scottsdale suke ɗiba. Ranar 1 ga Janairun 2023 birnin ya rufe musu famfo, ya ce ruwan Kolorado ya ragu, mazauna birni ne farko. Direbobin tanka suka koma ɗibo ruwa daga nesa, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Mutane suka koma cin abinci a farantin takarda don kada su yi wanke-wanke, suna kai wanki cikin gari, suna tarar ruwan sama a bokiti don ban-ɗaki. Sai da majalisa ta yi wata doka ta musamman aka dawo musu da ruwa a watan Oktoba.

Mu lokacin da muke neman gida, dillalin da ke zagawa da mu ya yi ta nuna mana kicin da garejin mota biyu da wurin wasan yara. Da Baban Hanif ya tambaye shi ruwan unguwar daga ina yake zuwa, sai ya ce ai kowa yana da ruwa a nan. Ya sake tambaya, birni ne ke bayarwa ko kamfani ko rijiya? Mutumin ya koma latsa waya yana neman amsa. Ba mu sayi gidan ba.

Ɗanjuma: Kun ji ko! Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bangon kuwa da tsagarsa aka gina shi.

Barista Rabi: Akwai ma wata. Kamfani ya gina gidaje 200 a kan fili ɗaya bai yanka shi ba, ya ce na haya ne. A idon doka ba a raba fili ba, don haka ƙa'idar ba ta hau kansa ba. Masana'antu ma ba su shiga ƙarƙashinta ba. An sha kai ƙudurin toshe waɗannan ƙofofi gaban majalisa.

Alhaji Tanko: 'Ya'yana, duk kuna maganar gidaje, ba wanda ya tuna da manomi. Da aka ayyana ƙarancin ruwan Kolorado karo na farko a watan Agustan 2021, aka yanke wa Arizona kashi 18 cikin 100 na kasonta a 2022, wa ya fara ɗaukar dukan? Manoman Pinal. Famfon birni bai tsaya ko awa ɗaya ba, su kuwa gonaki suka bari a bushe. Duk dokar da aka ce ta tsarin dogon zango ce, in ka bi ta a hankali za ka tarar hanya ce ta kwashe ruwa daga gona a kai birni cikin ladabi. In an gama, alkamar da madarar daga ina za su fito? Mai gida a birni yana da ƙuri'a dubu, manomi yana da ɗaya.

Injiniya Ladan: Allah ya ƙara girma Alhaji. Zafin da manoman Pinal suka sha gaskiya ne. Sai dai noma ne ke ɗaukar kusan kashi 72 cikin 100 na ruwan jihar. Ko da kowa a birni ya daina wanka, ba za a cike giɓin ba sai an taɓa gona.

Kuma ba birni ne ya fi cutar ƙaramin manomi ba, rashin doka ne. Je ka yankin Willcox. Manyan kamfanonin kiwo da na gonakin itatuwa suka shigo suka haƙa rijiyoyi masu zurfin da ɗan ƙauye ba zai iya biyan kuɗinsu ba. Tulu ɗaya ne kowa ke sha, mai dogon ludayi shi zai kai ƙasa. Rijiyoyin gidaje suka ƙafe, ƙasa ta tsattsage har tana yanke tituna. A yammacin jihar kuma kamfanin Fondomonte, reshen Almarai na Saudiyya, yana noman ciyawar shanu yana jigilarta zuwa gida, ruwan kuma a lokacin babu iyaka. A 2023 gwamnatin jihar ta soke masa hayar filayen gwamnati a kwarin Butler, mutane suka yi ta murna. Amma kamfanin bai saci ruwa ba, dokar ce ta ce babu iyaka. Wani kamfanin na cikin gida yana yin irin haka a gefensa ba wanda ya ɗaga murya.

Alhaji Tanko: To me ya sa mutanen Willcox ɗin da kansu suka ƙi dokar?

Barista Rabi: Tambaya mai kyau Baba. A zaɓen Nuwamban 2022 an tambayi yankuna biyu maƙwabta. Douglas suka amince a mai da su yankin kulawa, Willcox suka ƙi. Daga cikin dalilan, dokar 1980 tana daskarar da komai yadda ta same shi. Wanda ya riga ya buɗe eka dubu goma ya samu haƙƙi na dindindin, wanda yake da eka arba'in yana fatan ƙarawa an rufe masa ƙofa. A ƙarshen 2024 hukumar ruwa ta yi amfani da ikonta ta ayyana Willcox yankin kulawa ba tare da ƙuri'a ba.

Nafi'u: Salam. Ni a Teksas nake karatu, tsarinsu daban ne kuma ina ganin ya fi dacewa da abin da Alhaji ke nema. Fari na 1950 zuwa 1957 ne ya sa suka kafa hukumar raya ruwa a 1957. A 1997, zamanin Gwamna George W. Bush, aka yi dokar da ta raba jihar yankuna 16. Kowane yanki yana da kwamiti mai wakilan manoma, birane, masana'antu, masu kare muhalli da sauransu. Duk shekara biyar sai su zauna su lissafa buƙatar shekara 50, su ɗauka cewa fari mafi muni da aka taɓa gani ya dawo, su rubuta inda za a samo abin da ya gaza. A haɗa 16 ɗin ya zama tsarin jiha. Na 2022 ya ce jama'a za su tashi daga miliyan 29.7 a 2020 zuwa miliyan 51.5 a 2070, ayyukan kuma za su ci kimanin dala biliyan 80. Aikin da ba ya cikin tsarin ba ya samun rancen jiha mai sauƙi. Kuma sun sa kuɗi: a 2013 masu zaɓe suka amince a ciro dala biliyan 2 daga asusun ko-ta-kwana don wannan.

Barista Rabi: Nafi'u, ka bar babban abu a baya. Tun hukuncin kotu na 1904 Teksas take bin ƙa'idar cewa ruwan da ka zuƙo daga ƙasan filinka naka ne, ko da rijiyar maƙwabcinka ta ƙafe saboda kai. A 2012 kotun ƙolinsu ta ƙara da cewa mai fili ya mallaki ruwan tun yana ƙasa. Akwai ƙananan hukumomin kula da ruwan ƙasa, amma duk wadda ta matsa wa mai fili tana fargabar a kai ta kotu a nemi diyya. Kwamitocin nan 16 suna tsarawa ne, ba su da ikon hana kowa komai.

Sannan ka tambayi mutanen arewa maso gabashin jihar game da madatsar Marvin Nichols. Tun ƙarshen shekarun 1960 take cikin takardu. Yankin Dallas yana sa ta a tsarinsa, yankin da za a nutsar wa gonaki da dazuka yana cewa ba ya so. Iyalai sun yi shekaru ba su san ko su gina sabon gida a gonarsu ba. Tsari ma yana iya zama zalunci in ya rataye a kan mutane ba a yi ba, ba a fasa ba.

Injiniya Ladan: Ni abin da ke damuna da Teksas shi ne ma'aunin. Fari mafi muni da aka rubuta ba shi ne mafi muni da aka taɓa yi ba. Zoben jikin tsofaffin itatuwa ya nuna an yi waɗanda suka fi na 1950 tsawo kafin a fara ajiye bayanai. Irin wannan ne ya jefa kogin Kolorado cikin halin da yake. A 1922 aka raba shi tsakanin jihohi bakwai bisa ma'aunin shekarun da suka fi kowane ruwa. Da kason Meksiko na 1944, an yi alƙawarin kimanin mita-kubik biliyan 20 a shekara. Tun daga 2000 kogin yana kawo kusan biliyan 15. Kowa yana riƙe da takarda ingantacciya, ruwan ne bai karanta ta ba.

Ɗanjuma: Wato Arizona tana da sanda ba ta kai ko'ina ba, Teksas tana da kuɗi da taro ba sanda. Kalifoniya fa?

Injiniya Ladan: Su ne suka fi kowa makara. Sai 2014, ana tsakiyar fari, Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a dokar ruwan ƙasa. Alhali akwai wani sanannen hoto na 1977 a kwarin San Joaquin: masanin ƙasa Joseph Poland yana tsaye a gindin turken lantarki, an liƙa allo can sama mai ɗauke da 1925, wani a ƙasa kusa da ƙafarsa mai 1977. Tsakaninsu kusan mita 9. Ƙasar ce ta lotsa haka saboda zuƙar ruwa, kuma lakar da ta matse ba ta sake riƙe ruwa kamar da.

Dokar tasu ta ce mutanen kowane yanki su kafa hukumarsu su rubuta tsari. Yankunan da suka fi tsanani su miƙa a 2020, su daidaita ruwan da ake zuƙa da wanda ke komawa ƙasa kafin 2040. In tsarin bai gamsar ba, jiha ta karɓe ragama. A 2024 aka fara gwada wannan a yankin tafkin Tulare, manoma suka garzaya kotu.

Ɗanjuma: Daga 2014 zuwa 2040, shekara 26. Kafin nan wanda ya sa hannu ya yi ritaya, wanda zai tilasta bai gama firamare ba.

Barista Rabi: Kada ka yi dariya, Arizona ta riga ta nuna yadda ake yi. Dokar 1980 ta ce kafin 2025 yankunan Finiks, Tucson da Prescott su kai matsayin da abin da ake zuƙa bai wuce abin da ke komawa ba. 2025 ta zo, Tucson ce kawai ta kusa. Dokar ta kira shi buri, ba ta rubuta hukuncin wanda ya gaza ba.

Alhaji Tanko: Akwai inda manoma suka yi da kansu ba tare da an tsaya musu a ka ba. A gundumar Sheridan ta jihar Kansas, manoman wani yanki suka ga ruwan Ogallala, wato babban ma'ajin ruwan ƙarƙashin ƙasa da suke zuƙa, yana ƙarewa a ƙasansu, suka amince a 2013 su rage kashi 20 cikin 100. Sun rage fiye da haka, kuma ba su karye ba.

Injiniya Ladan: Gaskiya ne Alhaji, misali ne mai kyau. Amma dokar jiha ta 2012 ce ta ba su damar, kuma da zarar sun amince, ya zama umarni mai hukunci a kan kowa har da wanda bai so ba. Kowace rijiyar ban-ruwa a can tana da mita. Ba don mitar ba, kowa zai yi zargin maƙwabcinsa ya ci amana, yarjejeniyar ta watse a kaka ɗaya.

Maman Hanif: Wani abu da ba a ambata ba. Unguwanni da yawa a nan sun cika ƙa'idar ne ta hanyar shiga wata hukumar mayar da ruwa da aka kafa a 1993. Unguwa ta zuƙa daga ƙasanta, hukumar ta sayi ruwa ta zuba a tafkunan jiƙa ƙasa, masu gidaje su biya ta cikin harajin gida. Maƙwabciyata a wurin aiki ta nuna mini layin a takardar harajinta. Abin da ban gane ba, ruwan da ake mayarwa yana iya zama a can wani gefen yankin, nesa da inda aka zuƙa.

Injiniya Ladan: Kin gane sarai Maman Hanif. A littafin lissafi an biya, a ƙasan unguwar ramin yana nan. Kuma mafi yawan ruwan da ake mayarwar na Kolorado ne, wanda aka tsara ƙa'idojin rabonsa na 2007 su ƙare a ƙarshen 2026.

Malam Auwalu: Duk na ji, amma ina nan kan bakana. A cikin duk dokokin da kuka lissafa, wannan ce kaɗai ta taɓa ce wa mai kuɗi tsaya tun famfo bai ƙafe ba. Ƙungiyar magina gidaje har kotu ta kai hukumar, wannan kaɗai ya nuna ta ciji wani.

Ɗanjuma: Barista, tambaya ɗaya. In an ba unguwa takardar shekara 100, bayan shekara 20 aka gano lissafin ya kauce, ana ƙwace ta?

Barista Rabi: Birane da kamfanonin ruwa da aka ba shaidar gaba ɗaya ana sake duba tasu, aƙalla duk shekara 15, kuma ana iya janyewa. Amma takardar rukunin gidaje, da zarar an sayar da fuloti ko ɗaya, ta zauna. Shi ya sa dakatarwar 2023 ba ta taɓa fulotai kusan 80,000 da suka riga suka samu takarda ba a gina su ba tukuna. Za a gina su, kuma daga wannan ruwan da aka ce bai isa ba za su sha.